Amanar Ƙurege

Hutu ciwo ne ga wanda bai saba da shi ba. Shekara arba'in da biyu ina gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, wadda yanzu kowa ke ce wa esi, ban taɓa rufe shago kwana uku a jere ba. Sai bana ɗana ya ɗauko ni kamar buhu ya sa a mota, wai za mu je bakin tafki mu sha iska. Iskar da na tarar kuwa, ta maƙera ta fi ta sanyi.

Mu huɗu ne. Ni, da ɗan nawa da nake kira Injiniya, don ya je makaranta ya karanto abin da na riga na koya masa a shago. Sai matarsa, sai ɗansu mai shekara uku da rabi, wanda muke ce wa Ƙurege saboda ba ya zama wuri ɗaya. Ɗaki biyu muka kama a ƙasan wani otal, ƙofa na kallon ƙofa.

Rana ta biyu, tun ƙarfe goma kwalta ta fara laushi. Muka je bakin ruwa, yashi ya ƙona wa yaro tafin ƙafa, ya ɓare baki. Muka dawo. Muka zauna ƙarƙashin rumfa, kujerun ƙarfe suka kore mu. Aka sayo masa lemo, ya zubar a rigarsa, ƙudaje suka ce sun ga gida. Uwarsa ta canza masa riga sau biyu kafin azahar. Ni kuwa na zauna, na tashi, na leƙa taga, na koma na zauna. Hannuna sai ƙaiƙayi yake.

"Baba, don Allah ku kwanta ku huta," in ji Injiniya.

"Kwanciyar rana ta marar lafiya ce. Ka ga alamar ciwo a jikina?"

Da muka shiga ɗakinsu bayan azahar, na ji esin yana gurnani kamar tsohon rago, iska mai ɗumi yake hurawa. Ban ko ɗaga kai ba na ce, "Kafasita ce."

"Gas ne ya tsiyaye, Baba."

"Gas? Kai da kunnenka? Ba ka ji kwamfuresa na son tashi tana kasawa ba?"

"Ku bari in gaya wa mai kantar karɓar baƙi, su turo mai gyaransu."

"Ina zaune a turo mini wani yaro ya zo yana ƙwanƙwasa ƙarfe da gindin filaya? Je ka but ɗin mota, ƙarƙashin tabarma, akwatin kayan aikina na nan."

Ya tsaya yana kallona. "Kun zo da akwati hutu?"

"Ka taɓa ganin wanzami ya yi tafiya ya bar zabira?"

Surukata ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Injiniya ya girgiza kai ya ɗauki makulli ya fita. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: da ya dawo da akwatin, tun a ƙofa ya riga ya zaro sukudireba, idonsa na kan na'urar.

A nan ne surukata ta yafa mayafinta. Ta ce ruwan gora ya ƙare, za ta tsallaka titi ta sayo, ta haɗo da ƙanƙara. Rana ta yi zafi, ba za ta fita da yaro ba.

"Baba, ga Ƙurege nan. Baban Ƙurege, ka ji? Ga shi nan."

Muka ce, "To." Mu biyu, baki ɗaya. Ba wanda ya ɗago kai.

A shagona akwai ƙa'ida, ni na kafa ta tun Injiniya bai kai tsayin teburi ba: wanda hannunsa ke kan aiki ba ruwansa da ƙofa. Wanda ke miƙo kaya shi ne mai ido, shi zai ga mai shiga da mai fita. Ba a faɗa, ba a tambaya, jiki ya riga ya sani. To amma esi gida biyu gare shi, ɗaya a cikin ɗaki, ɗaya a bayan bango. Ni na zagaya baya wajen kwamfuresa, Injiniya ya hau kujera ya buɗe na ciki. A wurina ni ne mai aiki, shi ɗan miƙo kaya. A wurinsa shi ne mai aiki, tsoho ya fita leƙe-leƙe. Ranar nan shago ya samu masu gida biyu, bai samu mai ido ko ɗaya ba.

Ta taga muke magana.

"Kashe wuta!"

"Na kashe!"

"Miƙo sifana mai lamba goma."

"Ai tana aljihunku, Baba."

Tana aljihuna kuwa. Na kwance murfi, gumi na shiga mini ido, ƙarfen na ƙona yatsa. Ga kafasita nan ta kumbura kamar kwaɗo. Daɗi ya kama ni. Na ciro ta, na ɗaga ta saitin taga.

"Injiniya! Leƙo ka ga gas ɗinka!"

"To, na ji. Amma tacen iskar nan ma ya toshe da ƙura, ko kun sa sabuwa ba zai yi sanyi ba."

"Dokin mai baki ya fi gudu. Wanke shi mana."

Akwai wata kafasitar a akwatina, na ɗaura. Ya wanke tace. Muka yi gardama a kan waya ja da waya baƙa. Na ce kunna, ya kunna, kwamfuresa ta tashi lafiya lau kamar an yi mata allura. Na zagayo ina share fuska da hula, na shigo ɗaki, na tsaya a gaban iska mai sanyi ina jiran ya ce na fi shi.

Ya dubi bayana. "Ina Ƙurege?"

"Kamar yaya ina Ƙurege? Ba yana nan wajenka ba?"

"Na ga ya bi ku da kuka fita."

Ban san lokacin da hular ta faɗi daga hannuna ba.

Ƙarƙashin gado, babu. Banɗaki, babu. Bayan labule, cikin kabad, ɗakina, babu. Takalminsa ɗaya na bakin ƙofa, ɗayan babu. Injiniya ya zura da gudu wajen kwamin ninkaya, ni ina binsa da gwiwar da ta daɗe da daina gudu. Ruwan na kwance shuɗi, ba kowa a ciki, rana ta kori kowa. Ya zagaye shi sau biyu yana leƙa ƙasa. Babu. Na gode wa Allah, sannan na tuna cewa tafki na bayan katanga.

"Maigadi! Ka ga wani yaro, ɗan mitsitsi, da jar riga?"

Maigadin ya taso daga inuwa. "Ba wanda ya fita ta nan, Baba, sai wata mata da mayafi. Ƙofar tafki kuwa na sa mata kwaɗo tun sha biyu."

"Ka tabbata? Ko gyangyaɗi kake?"

"A zafin nan wa zai iya barci?"

Mai kanta ta bar kujerarta ta hau bene tana buga ƙofofi. Masu shara suka ajiye tsintsiya. Kowa na kiran Ƙurege, Ƙurege, sunan na dukan bango yana dawowa. Injiniya ya zo wucewa ta gabana, na riƙe hannunsa.

"Minti nawa?"

"Ban sani ba, Baba. Sha biyar. Ashirin. Ban sani ba!"

Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Na saki hannunsa.

Na tsaya a tsakar gidan na tilasta wa kaina tunani. Yaron da ake ta kira bai amsa ba, ko dai ba ya ji, ko ba a jin sa. Duk mai sana'ata ya san abu ɗaya: in aka kawo mataccen firji, kafin ka jingine shi sai ka cire masa ƙofa, domin yaro na son abin da zai shiga ya rufo. Na nufi bayan kicin. Akwai wani tsohon firji mai murfi a jikin bango, na ɗaga da hannu biyu. Kwalabe ne da gizo-gizo.

Na saki murfin. Me kuma ke da ƙofa a gidan nan, wanda ɗan shekara uku zai iya ja?

"Injiniya! Da ka ɗauko akwati, ka kulle motar?"

Ya taɓa aljihu. Ya dube ni. Ya ruga.

Motar na can ƙarshen fili, ba ko inuwar sanda a kanta. Daidai lokacin surukata ta shigo ta ƙofar gida, gorar ruwa a hannu ɗaya, ledar ƙanƙara a ɗaya. Ta ga mijinta na gudu, ta gan ni ina bin sa, ba ta tambayi kowa komai ba. Ta riga ni isa.

Ƙurege na kujerar direba, ya kwanta a gefe, kansa a ƙarƙashin sitiyari. Da aka buɗe ƙofa wani hucin ya bugo mu kamar an buɗe tanda. Fuskarsa ta yi jawur, rigar ta manne a jikinsa, leɓensa ya bushe. Uban ya sunkuce shi, wuyansa ya langaɓe.

"Ƙurege! Ƙurege, Mama ce! Buɗe ido!"

Ya buɗe kaɗan, ya mayar.

"Yana numfashi," na ce. "Inuwa! Ku cire masa riga!"

Muka shigar da shi wajen kanta, inda fanka ke juyawa. Uwar ta tsiyaye masa gora guda a jiki. Maigadi ya kawo bokiti. Na fasa ƙanƙara da gindin sifanar da ke aljihuna, na naɗe a tawul, muka sa masa a wuya da hammata. Mai kanta na yi masa fifita da littafin baƙi. Ta ce akwai asibiti a titi na biyu, kada mu tsaya jira. Injiniya ya sauke gilasai duka huɗu, sitiyari na ƙona masa hannu, ya ja. Ni a gaba, uwa da ɗa a baya, tana jiƙa shi tana kiran sunansa, tana kiran sunan Allah. A kwanar farko ya yi wani ɗan kuka siriri kamar na mage. Ban taɓa jin kukan yaro ya yi mini daɗi haka ba.

Suka karɓe shi, suka rufe ƙofa. Uwar kaɗai aka bari ta shiga. Ni da Injiniya muka zauna a benci, ban kai minti ɗaya ba na miƙe. Na je ƙarshen baranda na dawo. Na ƙirga tayil ɗin ƙasa, na manta lissafi, na sake. Wata nas ta fito, muka taso, ta wuce mu da tire. Hannuna duk baƙin mai, na goga a riga, bai fita ba.

"Ni na bar motar a buɗe," in ji Injiniya, kansa a ƙasa.

"Wa ya aike ka motar?"

Na zauna kusa da shi, na ci gaba.

"Kada a bar jaki a doki taiki. Ni na zo da akwati. Ni aka fara kira da amana, ni na fara cewa to."

Sai bayan la'asar likita ya fito, wani siriri mai tabarau. Ya ce zafin jikin ya sauka, an sa masa ƙarin ruwa, ya farka yana magana, za su riƙe shi zuwa gobe su gani. Ya ce da an ƙara minti goma, da wani zancen ake yi. Ya dube mu daga sama har ƙasa, ni da ɗana da baƙin man da ke hannunmu, ya ce, "Manya biyu?" Yaron da na haifi kamarsa. Na haɗiye, domin tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Muka shiga. Ƙurege na kwance, an ɗaure masa allura a bayan hannu, ya yi ƙanƙanta a kan gadon. Surukata na zaune a gefensa da kofi da cokali. Shekara biyar tana gidanmu, ba ta taɓa kallon tsakiyar idona ba. Ranar ta kalla.

"Baba, na ce muku ga shi nan. Kun ce to."

"Na ce."

"Da kun ce mini kuna da aiki, da na goya shi na tafi da shi."

"Gaskiyarki, 'yata. Laifina ne. Ki yafe mini."

Injiniya ya ɗago kai da sauri, don bai taɓa jin kalmar nan a bakina ba. Ita kuwa ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta juya ta ci gaba da ba yaron ruwa. Na tsaya a bakin ƙofa, ban san inda zan sa hannuwana ba.

"Kaka," in ji wata 'yar murya.

"Na'am, abokina."

"Zo."

Na dubi uwar. Ta daɗe tana kallon kofin. Sannan ta tashi daga kujerar, ta nuna mini famfo a kusurwa. Na wanke hannu da sabulu sau uku. Ta miƙo mini kofi da cokali.

"Cokali ɗaya-ɗaya, in ji likita. Kada ku yi sauri. Ina nan tsaye."

Na zauna. Na ɗebo ruwa a cokali, na kai masa baki. Ƙurege ya sha, ya lashe leɓe, ya ɓata fuska.

"Kaka, motar Baba ta lalace. Na murza, na murza, ba ta tashi ba. Ƙofar ma ta ƙi buɗewa. Na kira ka."

"Ban ji ba, abokina."

"Na kira da ƙarfi."

"Na sani. Buɗe baki."

Ya buɗe. Na ɗebo wani cokalin, uwarsa na tsaye a kaina tana kallo.