Matakin Jif

Ni dai ban taɓa son jif ɗin maigidana ba. Mota ce ko bene? Ga shan mai kamar ana zubawa a rairayi, wurin ajiye ta kuma sai an kewaye layi. Tawa 'yar ƙarama ce, ƙasa-ƙasa, ko'ina sai in cusa ta. Shi kuma ya ce ramin titi ɗaya ya ishe ta kwana a gareji. Kullum haka muke, ba mai sakar wa wani.

Tun da Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki, a tawa nake kai ta asibiti gashin ƙashi. Juya ta kawai nake yi ta zube a kujera, in ɗauko ƙafar hagun da ta shanye da hannu in saka mata. Likita ya ja ni gefe ya ce in ba ta fara ɗaga ƙafar nan kusa ba, mu haƙura da keken guragu. Na ji tsoro sosai, kuma ban gaya mata ba.

Ran nan da safe motata ta ƙi tashi. Maigida ya matso da jif bakin ƙofa, ya naɗe hannun riga zai ɗauki Mama ya ɗora. Mamar da ko ruwa ba ta sha a gaban surukinta.

"Kada ka taɓa ni, ɗan nan."

Na ce bari in nemo tasi, ta harare ni. Raina ya ɓaci, na hau mita cewa kunya ba ta kai mutum asibiti. Ko kallona ba ta yi ba. Ta jingina da ni, ta kama mariƙin ƙofa da hannun dama, ta ƙura wa matakin ido. Ya kusa kai mata gwiwa.

Sai na ji jikinta na rawa a kafaɗata. Zufa ta keto mata. Diddigen hagu ya rabu da ƙasa, silifa ya sulluɓe ya faɗi, ƙafar ta yi ta tashi a hankali, a hankali, har ta dira kan matakin. Ikon Allah. Tsigar jikina ta tashi. Na tura, ta ja, sai ga ta zaune can sama.

Maigida ya juya mana baya yana share ido da hannun riga. Mama ta leƙo mu, tana haki.

"To, me kuke kallo? Miƙo mini takalmina, mun makara."