Makullin Tukunyar Sabulu

Tun Auta tana ƙarama ba rediyo ko fankar da ta tsira a gidansu, sai ta kwance ta ga abin da ke ciki. Yayyenta suna tsokanarta da Injiniya, ita kuwa ba ta ɗauki sunan da wasa ba. Da aka yi dogon hutu, tana 'yar sha shida, ta nace wa kawunta, bakanike a kamfanin sabulu, har ya roƙa mata izinin bin sa koyon aiki. Ta zaci sifana za a ba ta. Ashe aike ne ke jiranta.

Kawu da Dogo, mai kunna injuna, gaba suke yi. Wai Dogo ne ya ce a gaban manaja gyaran Kawu gyaran gangar Auzinawa ne. Manaja ya tara su, ya sa suka gaisa, suka fito kowa yana goge hannu a wando. Manya da furfura, amma ko sallama ba ta haɗa su. In magana ta kama, sai a ce wa Auta ta je ta gaya wa wancan, ita kuma ta yi ta hawa da sauka a matakalar ƙarfe.

Akwai wata ƙatuwar tukunya da ake dama sabulu, mai wuƙaƙe a ciki, kowace ta fi tsawon hannun mutum. Dokar wurin ita ce, duk wanda zai shiga gyara sai ya hau ɗakin kunnawa da ƙafarsa, ya karɓi makullin injin daga hannun Dogo, ya jefa a aljihu. Muddin makulli yana jikin allon kunna injuna, to ba kowa a ciki.

Ranar nan ana hutun cin abinci, an wanke tukunyar, Kawu ya ce ta je ta karɓo makulli. Ta so ta tuna masa doka, ta ga fuskarsa ba wurin magana, ta hau. Dogo ko ɗago kai bai yi daga kwanonsa ba. Ya ce mai son makulli ya san hanya, shi ba ya ba yara.

Ta sauko tana shirya yadda za ta tausasa saƙon. Ba Kawu. Akwatin kayan aikinsa a buɗe, murfin tukunya a ɗage, daga ciki kuma tana jin bugun guduma. Ya ɗauka makulli yana hanya, ya shige abinsa. Ta hau tsani ta ƙwala masa kira, amma ya toshe kunnuwa da auduga, ya sunkuya a ƙarƙashin wuƙaƙen.

Sai ƙararrawar komawa aiki ta kaɗa.

Tsoro ya kama ta. Dogo yana ganin makulli a jikin allo, kuma daga ɗakinsa ba a hango murfin. Ta diro ta kwasa a guje. Injunan gefe suna tashi ɗaya bayan ɗaya, ƙararsu ta haɗiye ihunta. Takalminta ya zame a kan kumfa, ta faɗi, ta tashi, ta kama matakala da hannu da gwiwa. Tana tura ƙofar ta ga yatsun Dogo a kan makullin, ya riga ya murɗa.

“Kawu yana ciki!”

Dogo ya daki jan maɓalli da tafin hannu. Tukunyar ta yi gunji sau ɗaya ta tsaya. Ya zare makullin, ya riga ta sauka, yana salati yana tsallake matakala. Bugun guduma ya ɗauke.

Ma'aikata suka taru a gindin tsani, ba wanda ya iya hawa. Auta ta kira Kawu, shiru. Dogo ya hau, amma ya kasa leƙawa, sai ya jingina goshi a jikin ƙarfen.

“Ɗan'uwa, yi magana,” in ji shi. “Don Allah ko zagina ne ka yi.”

Auta ta sa ƙafa a tsani, ta fara hawa. Can sai muryar Kawu ta fito daga ƙasan tukunyar, siririya, da kyar ake jin ta.

“Dogo, kar ka bar yarinyar nan ta leƙo.”