Fuskar Iya Hajo a Shafin Wasu

Kwana tara Kausar ta yi tana rubuta tsarin kasuwancinta. Tun da ta gama difloma ta dawo gida Ƙaraye ba aiki, sai ta ƙudura buɗe shago a intanet, ta riƙa sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa irin na kakarta, Iya Hajo ta Zoza. Wata ƙungiya da ke horar da matasa irinta kan kasuwanci ta ce kowa ya rubuta su wa ke sayar da irin kayansa.

Nan ta tsaya bincike a waya, har ta faɗa wani shafi mai suna Tukunyar Ƙauye, mabiyansa dubu arba'in. Ta taɓa bidiyon farko, sai wayar ta kusa suɓuce mata. Iya Hajo ce zaune a tsakar gidanta, tana murza tunkuza, ga akuyarta mai karyayyen ƙaho tana wucewa.

"Innalillahi! Sun saci hoton tsohuwa suna ci da guminta!"

Ko mayafi ba ta daidaita ba ta hau mota zuwa Rogo, daga can ta hau acaɓa zuwa Zoza. Ta tarar da mata shida a gidan, wasu na suya, wasu na ɗura mai a jarkoki. A gurguje ta gaisa, ta miƙa wayar.

"Iya, dubi abin da aka yi miki. Wa ya shigo ya ɗauke ki?"

Iya Hajo ta ƙanƙance ido ta duba. "Wannan ai na bara ne. Rabi'atu, ba na ce ki sa sabon ba?"

Rabi'atu, maƙwabciyarta mai koyarwa a firamare, ta ɗago daga bakin murhu. "Sabis ne ya hana, Iya."

Kausar ta zauna a kan turmi ba ta sani ba. "Shafin... naki ne?"

"Shekara huɗu ke nan. Ita ke riƙe waya, ni ke riƙe kasko. Ranar Laraba Ilu direba yake kai kaya tasha, wasu Kaduna, wasu Abuja."

"Amma ba ki taɓa gaya mini ba!"

"Kin taɓa tambaya, ƙawata? Kullum kika zo sai ki ce, Iya ki huta, kin tsufa."

Matan suka kwashe da dariya. Kausar ta dubi takardun tsarin kasuwancin da ta taho da su. Tsohuwar ta nuna takardun da haɓa ta ce a karanta mata. Kausar ta fara, murya ƙasa-ƙasa. Ba ta kai shafi na biyu ba Iya ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Da damina, in gyaɗa ta yi wuya, ina za ki samo ta?"

Kausar ta juya shafi tana nema.

"In jarka ta fashe a hanya, me za ki ce wa mai kaya?"

Babu amsar ko ɗaya a cikin shafi goma sha biyun da ta rubuta.

Kausar ba ta koma Ƙaraye ba sai bayan kwana uku. Ta sake rubuta tsarin daga farko, Iya na faɗa tana rubutawa. Ta kuma bar ƙuli-ƙuli ta koma daddawa da garin kuka, domin Iya ta ce masu saye sun daɗe suna tambaya, ita kuwa hannunta ya cika.