Ranar da Tsoho Ya Ƙi Buɗe wa Auta

Tun da safe Injiniya take rawar ƙafa. Ta goge teburin aikinta, ta dawo ta sake gogewa, har mijinta ya leƙo yana ɗaura agogo ya ce, "Wai baƙo za mu yi ne?"

"Ya fi baƙo! Auta ne zai turo aiki yau."

Auta ƙaninta ne, kuma tare suka ƙirƙiro wata manhaja mai tuna wa mahaifiyarsu, Umma, lokacin shan maganin hawan jini. Duk aikin yana cikin wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin teburin, wadda suke kira Tsoho. Ita ce sabarsu, wato ma'ajiyar aikin. Kowa ya yi gyara a inda yake sai ya turo mata, ta adana, ta rubuta wanda ya canja da abin da ya canja. Injiniya ta haɗa ta da hannunta, kuma tana ji da ita kamar 'yar fari.

To, sai shaiɗan ya shiga tsakani a kan layi guda na rubutun manhajar. Ita ta ce wayar ta yi ta ƙara har sai Umma ta danna. Shi ya ce haba, saƙo ya isa, tsohuwa ba 'yar makaranta ba ce. Magana ta yi zafi, ta ce masa in bai iya ba ya bar mata kayanta. Ya kuwa bari. Kusan shekara ba ya kira sai gaisuwar Umma, kujerarsa ta gefen teburin ma ta koma wurin jibge wanki. Sai jiya ga saƙonsa, gajere kamar na mai jin nauyi: "Yaya, gobe zan turo wani abu."

Wayarta ta yi ƙara, ta fizgo ta da murna.

"Yaya." Muryarsa a sanyaye. "Ya ƙi ni."

"Wa ya ƙi ka?"

"Tsoho. Na sa kalmar sirrina, na sa lambar da waya ke bayarwa, ya ce ba daidai ba. Na sake, ya sake kora ta. In kin cire ni ne, ki faɗa min kawai, ba komai."

Ta san Auta sarai, wannan "ba komai" ɗin nasa komai ne. In ya ajiye wayar nan da wannan zato, sai wata shekarar kuma.

"Na rantse ban taɓa sunanka ba! Kada ka kashe, ka ji? Tsaya a layi!"

Ta ajiye wayar a buɗe ta hau danne-danne. Sunansa yana nan, izininsa yana nan. Wurin ajiya bai cika ba. Ta duba ƙofar da sabar ke karɓar mutanen waje, a buɗe take. Ta kashe manhajar ta kunna, ta ce ya gwada.

"Ya ƙi."

"Kai, Tsoho, yau za ka kunyata ni?" Ta ɗan mangare shi a gefe.

Umma ta shigo da carbinta. "Wa ake duka da sassafe?"

"Umma, Autanki ne a ƙofa, wannan ja'irin ya hana shi shiga."

"To ki buɗe masa mana, ke da kika yi ƙofar."

Ai kuwa maganar ta zauna mata. Ita a gaban na'urar take zaune kullum, ba ta bi ta ƙofar waje. Ta ɗauko tata wayar ta gwada shiga kamar baƙuwa, da tata lambar. Tsoho ya kore ta ita ma.

Ta buga tsalle. "Auta! Ni ma ya ƙi ni! Ka ji? Ni ma!"

Ba a taɓa ganin wanda aka kora daga gidansa yana murna haka ba. Daga can ta ji ya ɗan yi dariya ta hanci, ta farko a shekara.

Yanzu kanta ya fara aiki. Lambar nan da lokaci take canjawa, kuma dole agogon waya da na Tsoho su zo ɗaya. Ta tambayi Tsoho ƙarfe nawa. Amsar da ya bayar ta sa ta riƙe baki: a lissafinsa, Auta ma bai shiga firamare ba.

"Agogo ne! An ɗauke wuta ɗazu, ya tashi ya manta shekarar da muke ciki!"

Da ma ita ce, don tsananin tsaro, ta hana shi tambayar lokaci a intanet. Ta saita da hannu, tana cewa, "Gwada yan..." sai fitilar ɗakin ta lumshe ta dawo. Tsoho ya mutu, ya farfaɗo, ya koma shekararsa ta dā abinsa.

"Batirin cikinsa ne ya ƙare," in ji Auta, muryarsa ta fara ɗaukar zafi irin na dā. "Ɗan ƙaramin nan mai kama da maɓalli. Yaya, irinsa ne a makullin mota!"

Mijinta yana bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, makulli na lilo a yatsansa. Bai ankara ba ya ga hannunsa wayam.

"Ke! Zan makara fa!"

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe, taimakon gaggawa ne!"

Ta ɓare makullin da wuƙar tebur, ta zare wayar wutar Tsoho, ta kwance murfinsa. Ƙura ta tashi har Umma ta yi atishawa. Ta ɓamɓare tsohon batirin da farce, ta danna sabon, ta kunna, ta saita lokaci. 

"Bismillah, gwada."

Umma ta daina jan carbi.

"Na shiga! Yaya, na shiga! Ga shi nan na turo!"

Ta yi ihu har mijin ya toshe kunne. Ta jawo aikin nasa don ta haɗa da nata, sai ga jan rubutu: gyare-gyare biyu sun yi karo a layi ɗaya, sabar ba za ta zaɓa musu ba. Ta duba, layin nan ne dai na rigima.

A watannin baya, ba tare da ta gaya wa kowa ba, ta cire ƙarar ta mayar da shi saƙo, yadda Auta ya so. A ƙasan nata kuma ga nasa: ya cire saƙon, ya sa ƙara har sai Umma ta danna.

"Yaya," ya ce a hankali, "naki na saka."

"Ni kuma naka." Dariya take son yi, amma hawaye ya riga ta. Ta yi kewar yaron nan ba kaɗan ba.

"To ni yanzu," in ji Umma, "ƙara za a yi min ko saƙo?"

"Auta, wannan ba a waya za mu warware shi ba," Injiniya ta ce tana share ido. "Ka zo gida."

"Bari in sa takalmi."

Mijin ya ɗaga ɓararren makullinsa. "Ka biyo min da batir, don Allah!"

Da ta waiwaya, Umma ta riga ta fara kwashe wankin da ke kan kujerar.