Hanyar da Aka Shuka

Malam Zubair, malamin dabbobi na yankin Ɗambatta, ya sayi sabon babur a watan Maris, kuma saboda allonsa ya saye shi. Tun daga kamfani aka dasa allon a tsakiyar kan babur ɗin. In ka taɓa shi da yatsa sai taswira ta fito, wata mace ta riƙa gaya maka inda za ka karya, cikin Turanci mai ladabi. Ranar da ya kawo shi gida ya jefar da tsohon mariƙin wayarsa, ya kuma shaida wa duk wanda ya tsaya saurare cewa zamanin ɗaure waya a kan babur ya wuce. Har rani ya ƙare allon bai ba shi kunya ba.

Wata Laraba da hantsi, bayan damina ta zauna, Inna Hure ta kira shi daga ƙauyen Kanyar Gabas. Tsohuwa ce mai sa guda ɗaya, wanda ake haɗawa da na maƙwabci a yi mata huɗa. San ya tsinke igiya ya ci tohon dawa, cikinsa ya kumbura, yana ta nishi.

"Malam, ko in aika a kira mahauci?" in ji ta.

"Kada ki kira kowa, Inna. A tsai da shi, kar a bari ya kwanta. Ga ni nan."

Ya san abin da bai gaya mata ba: in sa'a guda ta wuce, sai dai wuƙa, kuma noman bana ya tafi ke nan. Kwalta zagaye ce mai nisa, amma allon ya nuna masa yanke, wanda shi ma ya tuna ya taɓa bi a watan Afrilu. Ya sauka daga titi ya bi.

Bai yi nisa ba hanyar ta ƙare a gaban gero kore shar, ya kai gwiwa. Matar cikin allo ta ce ya miƙe. Wani dattijo mai suna Muhammadu Sani, wanda ke noma a wurin, ya ɗago da fartanya a hannu.

"Me take cewa, Malam?"

"Ta ce in bi ta nan, Baba."

"To, ka gaishe ta, ka ce mata hanyar nan ni na shuka ta da ruwan farko. Ta dawo bayan girbi."

Haka abin yake a ƙasar nan. Da rani kowa na ratsa gonar kowa har turba ta fito, da damina kuma mai gona ya karɓi abinsa. Wanda ya zana taswirar, ga alama, da rani ya leƙo.

Zubair bai ko yi tunanin taka shukar ba. Ya zaro waya daga aljihu ya kira Inna Hure, ya miƙa wa dattijon. Sai da suka gaisa, suka tambayi ruwa da iyali, Zubair na tsaye yana duban agogo, sannan ta fara kwatance: a bi iyakar gonar marigayi Sama'ilu, a karya a ta 'ya'yan Larai.

"Ban san gonar kowa ba a nan," in ji Zubair.

"Ai sai Hure ta kai ka da bakinta," in ji Muhammadu Sani. "Ina abin da kuke maƙala waya?"

Zubair ya ce ya jefar da nasa. Dattijon bai ƙara tambaya ba. Ya kwance robar da ya ɗaure rediyonsa da ita, ya ɗora wayar daidai a fuskar allon, domin nan ne kawai shimfiɗaɗɗen wuri, ya ɗaure tamau.

"Me kake gani, ɗan nan?" muryar Inna Hure ta fito.

"Kuka biyu, da layin gamba."

"Bar kukokin a hagunka. Bi gambar a hankali, kar ka taɓa wa mutane gyaɗa."

Daga ƙarƙashin wayar matar allo na ta roƙonsa ya juya. Tsohuwar ta ce, "Wace ce wannan mai katse ni?"

Ya iso ya tarar da san a tsaye, maza biyu na tallafe da shi. Mahauci kuma, wanda ba wanda ya kira, yana zaune gindin kanya da wuƙarsa a naɗe. Zubair ya zura wa san tiyo ta baki, ya ɗura magani. Can sai dabbar ta yi wata doguwar gyatsa, cikin ya fara saɓewa. Mahaucin ya tashi, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya kama hanya.

Zubair bai kwance robar ba. Allon yana nan a ƙarƙashinta, gefensa na nuna lokaci da yawan mai, yana jiran a yanke gero maganarsa ta sake zama gaskiya.