Mai Gyaran Agogo Ya Leƙa Hanjinsa

Mai gyaran agogo ya rantse ba zai sake shan maganin wankin ciki ba. Shekara shida ke nan da aka ba shi jarka guda ya shanye kafin gwajin hanji, ya wuni yana zaryar banɗaki har ya yanke jiki ya faɗi, gwajin ma bai yiwu ba. Ga shi kuwa kansar hanji ce ta ɗauke yayansa, likita ya ce jini ɗaya ne, dole a duba.

Wannan karon 'yarsa ta dawo daga asibiti da 'yar kwalba da ba ta kai kofin shayi ba. Aka ce ya ci abinci marar nauyi, ya riƙa kurɓar ta bayan kowane ci. Ya sha, amma hankalinsa bai kwanta ba. Mutumin da ba ya taɓa cikin agogo sai ya hure ƙurarsa tas, ina zai yarda? A ganinsa mantuwa aka yi da maganin wankin cikin.

Da safe, a bakin gadon na'urar ɗaukar hoton ciki, ya rage murya ya ce wa likitar hoto, "'Yata, cikin nan fa ba a share shi ba. In kan shan jarka za ku maida ni, gara in koma gida."

Ta yi murmushi. "Kwanta kawai, Baba."

Aka hura masa iska a ciki, gadon ya shige zoben na'urar sau biyu, an gama. Ta kira shi gaban kwamfuta.

"Ka ga farin nan mai haske? Ragowar abinci ne, kwalbar ce ta rina shi."

Ta danna, farin ya ɓace. Sai ga hanyar hanjinsa ta buɗe, lungu bayan lungu, ninki bayan ninki, suna tafe a ciki. Shekara arba'in yana leƙa cikin agogon mutane, bai taɓa ganin aiki mai kyan wannan ba.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ni ne wannan?"

Ta tsaya kan wani ɗan tsiro kamar ƙwayar wake. "Irinsa ne kan rikiɗe ya zama kansa bayan shekaru. Yanzu cire shi da sauƙi, amma ranar sai an wanke cikin sosai. Za mu lura da kai."

'Yarsa da ta rako shi ta dube shi, don ta san taurin kan ubanta. Shi ko bai ɗauke ido daga tsiron ba.

"Na gan shi da idona," ya ce. "Wace rana zan zo?"