Rakiyar Amarya a Kan Fiyano

Wani irin mafarki na yi jiya da dare, har yanzu kaina bai gama warwarewa ba. Amma bari in fara faɗa muku abin da na jawo wa kaina. 'Yata Ƙauna za ta yi aure ranar Asabar, ni kuwa da bakina na ce ni zan kaɗa fiyano sa'ad da za ta shiga coci, ni da ban taɓa fiyano ba sai da furfura ta fito mini. Malam Iliya, mai koya mini, kullum faɗansa ɗaya ne: in na yi kuskure in tsaya a wurin, in yi ta maimaita shi a hankali, hannu ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma da na kuskure sai in koma farko. Farkon waƙar kam, duk garin nan ba wanda ya kai ni.

To, a mafarkin mun fito za mu coci, sai na ga an shimfiɗe titin unguwarmu da maɓallan fiyano, farare da baƙaƙe. Ba wanda ya yi mamaki. Ni ne a gaba, Ƙauna na riƙe da hannuna cikin farar riga, dangi na biye. Duk inda na taka sai sauti ya fito, waƙar tana tafiya daidai. Har na fara taƙama.

Daidai shagon mai gyaran keke na taka baƙi maimakon fari. Wata agwagwa mai hular 'yan sanda ta hura usur.

"A koma gida," in ji ta.

"Haba, ranki ya daɗe, taku ɗaya ne fa."

"Dokarka ce, Malam Barnabas. Mu aiki kawai aka sa mu."

Muka koma. Komawar ma ba ta wasa ba ce. Amarya ta cire riga ta sake sawa, mata suka juye shinkafa daga tukunya zuwa buhu ta koma ɗanya, kajin da aka soya suka tashi suka shiga akurki. Muka sake fitowa. Shagon keke, baƙi, usur. Ban san sau nawa muka yi haka ba. Na dai lura mai gyaran keken ya tsufa ya bar wa ɗansa shagon.

Sai kuma ga ni a kasuwa. Hannuna na hagu na zaune shi kaɗai a kan benci yana shan kunu.

"Kai, me kake yi a nan? Ana can ana biki."

"Yaushe ka taɓa zama da ni ni kaɗai?" in ji shi. "Kullum sai dai in bi na dama a guje, in na faɗi a ce ni ne ban iya ba."

Na ba shi haƙuri, ya ce sai ya ƙarasa kununsa.

Da muka dawo titi, sai ga Malam Iliya zaune cikin wani ƙaton agogon bango da aka rataye a bishiyar mangwaro, yana kaɗa kai hagu da dama.

"Baban Ƙauna, wai gudun me kake yi? Wa ya biyo ka?"

Kafin in ba shi amsa, Ƙauna ta ja hannun rigata.

"Baba, ƙafafuna sun gaji. Ango kuma ya aiko, wai haƙoransa sun fara zuba."

Na ɗaga mayafinta, sai na ga furfura. Yarinyar da na goya jiya-jiya! Tausayinta ya kama ni, kunya ta rufe ni.

Wannan karon da usur ya tashi, na ƙi juyawa. Na tsaya nan gaban shagon keke, na yi ta taka wurin da ƙafar hagu kaɗai, sannu a hankali kamar mai tsoron farkar da jariri, sannan da ta dama, sannan duka biyu. Agwagwa ta dube ni, ta cire hula, ta shiga kwata abinta. Na taka fari. Mata suka rangaɗa guɗa, muka wuce.

Ba mu yi nisa ba titin ya ƙare. Ba maɓallai, ba ƙasa, ba rami ma, babu komai kawai. Ga coci can tsallake, ana buga ƙararrawa, ango na ɗago mana sandar dogarawarsa.

"Malam, ina sauran hanyar?" na tambaya.

"Iya inda ka taɓa kaɗawa ake shimfiɗawa," in ji shi daga cikin agogo. "Nan ka taɓa zuwa?"

Ƙauna ta gyara mayafinta, ta yi mini murmushi.

"Ba komai, Baba. Tunda ka ce ka iya, ai ka iya."

Ta saki hannuna, ta ɗaga ƙafa za ta taka inda babu komai. Na buɗe baki zan kira sunanta, sai ƙarar inji ta fito daga maƙogwarona.

Na farka jiƙe da gumi. Injin markaɗen maƙwabtanmu ne. Har an fara niƙa tattasan biki.